Bitar malamai ta kuɗi a Mabera: rabi ya ci kuɗinsa, rabi kuwa sai a hankali

Malaman firamare da ke ta tambaya ko bitar nan ta kuɗi da wata cibiya ke shiryawa a wajen Mabera, nan Sakkwato, lokacin dogon hutu ta isa a cire mata wani abu daga ɗan albashin da ba ya kai ƙarshen wata, to amsata ita ce e, amma fa rabinta ne ya ci kuɗinsa, kuma rabin nan mutum ɗaya ce ta riƙe shi. Ni aji huɗu nake koyarwa a makarantar gwamnati, yarana sun haura tamanin in kowa ya zo, wasu a benci wasu a ƙasa, don haka da idon mai irin wanga aji zan yi magana, wanda ke firabet da yara ashirin da fanka bisa kai ƙila ya ga abin daban.

Wurin dai ba laifi, zaure ne babba da kujerun roba, sai dai in NEPA sun ɗauke sai an jima kafin a ta da janareto, kuma kun san garinmu ko da damina in rana ta take ba a zama ɗaki babu iska. Kuɗin rajista ya yi nauyi ga malamin firamare gaskiya, amma suna yarda a biya kashi biyu. Sun rubuta ƙarfe tara a takarda, ba a taɓa farawa kafin goma ba, wanda ya hau kabu-kabu tun daga Kwannawa ko Arkilla don ya iso da wuri shi ke shan zaman jira.

Masu koyarwa biyu ne. Na farko matashi ne mai kwamfuta da firojekta, yana da ladabi, Turanci kuwa kamar ya haɗiye ƙamus, amma abin da ya kawo shi ne dai abin da munka haddace lokacin NCE don mu ci jarabawa: Piaget da matakan girman tunanin yaro guda huɗu, Vygotsky, Bloom da jerin matakansa na 1956, hoto bayan hoto yana karanta muna abin da ke jikin bango muna kwafa. Wato ana koya muna cewa kada malami ya tsaya yana zuba shi kaɗai, ta hanyar tsayawa a zuba muna awa biyu. Wani malami daga Bodinga da ke kusa da ni har minshari ya fara. Abin da ya fi damuna ba gajiyar ba ce, abubuwa biyu ne da ya kawo a matsayin gaskiyar da babu ja. Ɗaya shi ne wai kowane yaro da irin hanyarsa, wani da ido yake koyo, wani da kunne, wani sai ya taɓa, don haka sai ka tantance kowa ka koyar da shi ta hanyarsa. Na biyu wani hoton dala ne mai lambobi, wai mutum yana riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 90 na abin da ya aikata.

Washegari da ta biyun ta shigo, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana koyar da ƙananan azuzuwa kafin ta koma horar da malamai, kowa Hajiya yake ce mata, sai wata malama ta tambaye ta yadda za a yi ta raba yara tamanin zuwa masu ido da masu kunne. Hajiya ta yi murmushi ta ce ɗiyata kar ki wahalar da kanki. Ba ta kushe yaron ba ko kaɗan, amma ta gaya muna cewa a 2008 wasu masana a Amurka, Pashler da abokan aikinsa, sun bi binciken da anka yi kan maganar sun tarar babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa daidaita darasi da wai salon yaro yana ƙara masa fahimta. Darasin ne ke zaɓen hanyarsa, taswira sai an gani, sautin harafi sai an ji, awo sai an auna. Dalar kuma ta samo asali daga zanen da Edgar Dale ya yi a 1946, kuma shi bai sa lamba ko ɗaya ba, daga baya wasu sunka liƙa. Na ji daɗin gyaran, amma ya nuna cibiyar ba ta zaunar da masu koyarwarta sun daidaita baki ba, kuma wanda bai zo ranar Hajiya ba ya tafi gida da dala a littafinsa.

To yanzu ga inda kuɗin ya fita. Hajiya ba ta taɓa firojekta ba. Ta sa an tattaro yaran unguwa 'yan aji uku da huɗu, sun kai arba'in, anka shimfiɗa masu tabarmi a gaba mu muna baya muna kallo, ta ce sharaɗinta ɗaya, duk wanda zai koyar a gabanta an hana shi tambayar "kun gane?" Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ajin da ya amsa da a'a ba, kullum "eee Malam!" ne da ƙarfi har rufin kwano ya amsa, yara biyar na gaba ne sunka gane sauran suna bin amo. Maimakon haka ta raba ma kowane yaro guntun kwali da anka shafa wa baƙin fenti, da ɗan alli. Ta rubuta 52 a cire 18 a allo, ta ce kowa ya yi nasa ya kife a cinya, kar a ɗaga sai ta ce. Da ta ce a ɗaga, wallahi daga inda nake zaune ina hango su, 46, 46, 46, can ɗaya 34, can wani ya zana abin da ba a san ko mene ne ba. Fiye da rabi 46 sunka rubuta. Ta juyo ta tambaye mu daga ina 46 ta fito, munka yi tsit, sai ta nuna muna: yaron ya ga 2 a sama 8 a ƙasa, ya san ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya sami 6, ya cire 1 daga 5 ya sami 4. Ta ce wanga yaro ba daƙiƙi ba ne, yana da doka a kansa kuma yana bin ta da gaskiya, dokar ce karkatacciya, in ka ja jan biro ka wuce gobe ma ita zai bi.

Sai ta fito da tsinken tsintsiya da ta ɗaure goma-goma da roba. Ta kira wata 'yar yarinya mai hijabi ruwan toka cikin masu 46, ta ba ta ɗauri biyar da tsinke biyu a warware, ta ce ba ni goma sha takwas. Yarinyar ta miƙa ɗauri ɗaya, ta tsaya tana kallon tsinke biyun nan, tana kallon Hajiya. Hajiya ta naɗe hannu ta yi shiru. Mu a baya har wani ya fara raɗa mata amsa Hajiya ta ɗaga masa yatsa. Can yarinyar ta ce "Hajiya in kwance wanga?" Ta ce naki ne, yi yadda kika ga dama. Ta cire robar ta ƙirga takwas ta bayar, ta ƙirga saura, ɗauri uku da tsinke huɗu. A nan ne Hajiya ta koma allo ta nuna aron goma da muke rubutawa da ɗan ƙaramin 1 a gefe, ta ce abin da kika yi da hannunki ke nan. Daga nan ta juyo wajenmu ta ce ga Piaget ɗinku na jiya, yaro tsakanin shekara 7 zuwa 11 tunaninsa ya fi kamawa in akwai abin da yake gani yake juyawa a hannu, ga kuma Vygotsky, wanda ya ce koyo yana faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an ɗan tallafa masa. Cikin minti goma sha biyar ta biya muna bashin awa biyun jiya.

Shirun nan da ta yi ma darasi ne. Ta ce wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, a farkon shekarun 1970 ta yi ta ɗaukar muryoyin azuzuwa tana aunawa, ta gano malami bai fi jiran daƙiƙa ɗaya ba bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya tsallaka ga wani yaro, kuma in anka ja jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi suna ƙara tsawo, yaran da ba su magana suna fara sa baki. Daƙiƙa uku kamar wasa, amma ku gwada a gaban aji ku ji yadda take tsawo. Ta kuma hana "Malam ni! Malam ni!" da kaɗa yatsu, a yi tambaya tukuna, a jira, sannan a kira suna, don in ka kira sunan kafin tambayar sauran sun tafi hutu.

Ranar da ta yi maganar mantuwa ita ce ta fi zama mini a rai. Ta fara da Ebbinghaus, Bajamushen da ya wallafa bincikensa a 1885 bayan ya yi ta haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya ga mafi yawan zubewar da wuri take faruwa, sannan ta lafa, kuma bitar da anka rarraba a kwanaki ta fi wadda anka dunƙule a zama ɗaya. Sai gwajin Roediger da Karpicke na 2006: ɗalibai sun karanta rubutu, wasu sunka sake karantawa, wasu anka karɓe takardar anka ce su rubuta abin da sunka tuna. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba, bayan mako ɗaya kuwa waɗanda anka sa su tunowa sunka wuce su. Wani dattijon malami na Islamiyya da ke gefe ya ce "Hajiya ai wanga shi na muka yi tun muna ƙanana." Kuma gaskiyarsa. A makarantar allo ba ka wanke allonka sai ka biya wa malam ba ka kallo, sannan ga tilawar baya da ake komawa kullum don kar ta kuɓuce, kuma kowane almajiri yana inda karatunsa ya kai, ba a ja shi gaba don sa'o'insa sun wuce. Mun tashi cikin wanga tsari a garin Shehu sannan munka shiga ajin boko munka ajiye shi a bakin ƙofa. Sai dai Hajiya ta ja kunne, ta ce kar mu ruɗe tsakanin tunowa da amshi. Malam ya faɗa aji ya maimaita sau goma da ƙarfi, wannan amshi ne, baki ke aiki kai na hutawa. Tunowa ita ce a rufe littafi, yaro shi kaɗai ya lalubo abin daga kansa, ko da ya sha wuya, wuyar ce ma ke kafa shi. Kuma lissafi da kimiyya ba su tsaya ga hadda ba, sai an juya tambayar ta wata fuska an ga ko zai gane ta.

Abin da ta ba mu mu tafi da shi mai sauƙi ne: minti biyar na farkon kowane darasi, tambaya uku a allo, ɗaya daga jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, kowa ya amsa a kwalinsa, ba maki ba duka. Wannan na ɗauka, kuma shi ne abin da ya fi zama a ajina tun da anka koma. Ba zan ce yara sun zama wasu abu ba, amma yanzu kafin in buɗe sabon darasi na san waɗanda jiya ta wuce su, kuma wasu 'yan bayan aji da ban san muryarsu ba na san rubutunsu. Matsalar kwalayen ita ce alli, yana ƙarewa kamar ana ci, kuma in ka bar su a aji ba makulli ka dawo ka tarar an yi fanka da su, sai na sa monita yana tarawa a buhu muna ajiyewa ofishin hedimasta.

Ta taɓo maganar yawan abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda, George Miller ya ce wajen bakwai a 1956, daga baya Cowan a 2001 ya ce abin ya fi kusa da huɗu, John Sweller na Ostireliya kuma ya gina bayaninsa kan cewa sabon koyo ya fi amfana da misalin da anka warware masa daki-daki kafin a sake shi. Ta ce kan yaro kwalba ce mai ƙaramin baki, in ka juye bokiti gaba ɗaya ƙasa za ta sha. Don haka ni in yi kuna kallo, mu yi tare, sannan ku yi ku kaɗai, kuma kar a cika allo da rubutu tun daga sama har ƙasa ana bayani a lokaci guda, yaro ba zai iya kwafa da saurare tare ba. Waɗanda sunka yi horon Mu Karanta, shirin koya ma yara karatu da anka kawo jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin Amurka za su ce ai mun san wannan, e kun sani, bambancin shi ne a nan sai ka tashi ka yi a gaban yara ta tsayar da kai a tsakiya ta ce Malam dakata, wa kake kallo tun ɗazu? Sai ka lura gefe ɗaya kake fuskanta. Ba ta da sassauci wajen gyara, wata malama har ta ɓata rai, amma da ladabi take yi.

Inda ban gamsu ba shi ne maganar raba yara bisa matakinsu. Ta kawo tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda su Banerjee da Duflo, da sunka sami kyautar Nobel a 2019, sunka yi ta gwadawa: a gwada kowane yaro shi kaɗai a ga ko harafi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko yana karanta labari, sannan a haɗa 'yan mataki ɗaya wuri ɗaya na wani lokaci kullum ba tare da duba ajinsu ba. Hankali ya ɗauka, don kowa ya san a aji huɗu akwai wanda bai raba b da d ba. Amma da na ce Hajiya ni kaɗai ne a ajin, ga sikim da ake so in ƙare, ga masu zuwa duba lesin not ba su tambayar wa ya iya karatu sai ina ka kai, ta ce gaskiya wannan sai hedimasta ya shigo ciki an gyara jadawalin makaranta gaba ɗaya. To ai hedimastoci ba su zo bitar ba. Da cibiyar na da dabara da ta ware rana ɗaya ta gayyace su ko da kyauta ne.

Haka maganar harshe. Duk takardun da anka raba da Turanci suke, babu misali ɗaya da Hausa, alhali yaran da muke koyarwa da Hausa suke tunani, wasu ma da Fulfulde ko Zabarmanci. Hajiya da bakinta ta kawo gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda anka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ta firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Mu da muke garin da Nana Asma'u ta yi ta tsara karatu cikin waƙa da Hausa da Fulfulde tana ba jajis, matan da ta horar su riƙa koyarwa, suna kai ma mata ƙauyuka, bai kamata sai an je Ife an kawo muna hujja ba, amma ko ba komai a fassara takardun mana.

Zaman da anka yi kan ladabtarwa shi ya fi zafi kuma shi anka fi gaggautawa, ranar ƙarshe bayan azahar kowa na duban agogo. Rabin zauren sun tsaya kan cewa yaran yanzu ba bulala ba su ji. Hajiya ba ta yi wa'azi ba, ta ce bulala tana tsayar da surutu yanzu-yanzu, wannan ba ta musu, amma yaron da ke tsoron kuskure ba zai ɗaga kwalinsa da 46 ba, zai leƙa na maƙwabci ya kwafa, kai kuma ka rasa abin da kake nema ka gani. Ta kawo gwajin Mueller da Dweck na 1998, yaran da anka yaba ma da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kuma sun fi karaya da sunka faɗi, fiye da waɗanda anka yaba ma ƙoƙarinsu. Wato "kai haziƙi ne" ma tana da nata lahani, balle "daƙiƙi" da "jaki" da ke fita bakinmu ba mu ji. Amma me za ka yi da ƙato ɗan shekara goma sha huɗu a aji huɗu da ke dukan ƙanana yana ƙwace masu kuɗin tara? An yi tambayar, lokaci ya ƙare, anka ce a ci gaba a guruf ɗin WhatsApp, guruf ɗin kuwa yanzu ban da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa babu abin da ake turowa.

Abinci shinkafa da miya ce a roba da ledar fiya wata guda biyu, wata rana da ɗan nama wata rana sai ka yi bincike, ba don shi za ka je ba. Satifiket sun ce bayan sati biyu, ya ɗauki fiye da haka sai da munka yi ta sintiri, kuma ku sani takardar halarta ce kawai, ba ta maye rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba, kar wani ya ce maku za ta kawo ƙarin girma.

Wanda bai daɗe da fara koyarwa ba, da masu firabet da anka ɗauka da takardar sakandare ba su taɓa yin koyarwar gwaji ba, su za su fi kowa amfana. Kafin ku biya ku tambaya ko dattijuwar nan ce za ta koyar a zagayen, kuma ko za a kawo yara a yi a gabansu, in sunka ce sai dai firojekta ku riƙe kuɗinku. In makarantarku za ta tura mutum, ku je ku biyu ko uku don ku riƙa leƙa ajin juna bayan an dawo, cibiyar ta yi alkawarin za ta zagayo makarantu ta ga yadda muke yi amma mu dai har yau ba mu ga kowa ba.